Halifa na Huɗu a Bakin Saude

A Tarai ta ƙasar Kibiya, in ka tambayi mace sarakunan Banu Umayya, sai ta jero maka su kamar 'ya'yan maƙwabta. Amma tambaye ta halifa na huɗu ka sha mamaki. Dariya za ta yi ta ce, "Mai sunan yaron nan." Kada ka ga laifinta, laifin malamarsu ne, Iya Saude.

Saude 'yar malamai ce. Ubanta yana karantar da tarihi a zaure, ita kuwa tana bayan zana tana tankaɗe, har ta kwashe shi kaf. Da tsufa ya zo, mai gidanta ya rasu, sai matan unguwa suka mai da tsakar gidanta makaranta. Ran Alhamis da yamma kowace ta zo da ƙwaryar gyaɗarta, hannu na ɓara, kunne na Madina. Ta ba su yadda Sayyadina Abubakar ya riƙe jama'a bayan wafatin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ta ba su yadda addini ya kai Misira da Farisa a zamanin Umar, da yadda Usman ya haɗa mutane a kan mushafi ɗaya. Da ta zo kan na huɗu sai tari ya taso mata. Ta ce, "Mai sunan yaron nan, Allah ya ƙara masa yarda," ta yi tsalle ta dira a Sham, gun Banu Umayya.

Dalili kuwa, ɗanta na fari Aliyu ne, ana ce masa Alu. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta Saude ta wuce misali. Ana yaye shi aka kai shi gun kakarsa a Zinyau, can ya girma, can ya yi aure. In ya zo gaisuwa ya durƙusa a bakin ƙofa, tukunya take kallo ta amsa. Iyakarta ta ce, "Ku ba yaron nan ruwa." Yaron nan fa har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Alhali duk cikin 'ya'yanta babu wanda take so kamarsa. In ta ji yana zazzaɓi a Zinyau, tuwo ba ya wuce mata wuya a Tarai.

To, a shekarar da ake ta cewa Bature zai tattara nasa ya nasa, Alu ya ɗaura niyyar zuwa Makka ta ƙasa, shi da matarsa Zaituna. Hanyar gabas ba wasa ba ce. Inda aka samu mota a hau, inda babu a taka, a tsaya a yi ƙwadago a Sudan kafin a ci gaba. Wasu sai yaransu sun girma suke dawowa, wasu ko labarinsu. Saude kuwa ta san jikinta, ta san ba za ta ga dawowarsa ba. Ba mutuwar ce ta dame ta ba. Abin da ke cin ranta shi ne zai tafi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, wataƙila ma yana zaton ba ta damu da shi ba.

Aminiyarta Ramlatu, wadda bakinta ba shi da linzami, ta ce mata, "Saude, kunyar nan kabari za ki kai ta?"

"Rufa mini asiri, Ramlatu. Da tsufana in zama abin faɗe a gari?"

"Oho dai. Garin ne ya haifa miki shi?"

Alu ya zo sallama ran Alhamis, mata sun cika gida. Ya durƙusa a inda ya saba, ya ce, "Na zo neman gafara, jibi za mu tashi." Saude ta zuba wa gyaɗa ido ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Shi ke nan fa. Ya ɗan jira ko da ƙari, bai ji ba, ya tashi. Tana jin sa a zaure yana kokawa da takalminsa, zana ce kaɗai tsakaninsu.

Wata matashiya, Huseina, ta ce, "Iya, wancan mako mun gama Sayyadina Usman. Yau sai Sham ke nan."

Saude ta ajiye ƙwarya. Ta ce, "Yau ba tsallake."

Ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba. "Halifa na huɗu, sunansa Aliyu."

Wata ta dafe ƙirji, Ramlatu ta harare ta. Motsin da ke zaure ma ya tsaya.

"Aliyu ba a ɗakin uwarsa ya girma ba, a hannun Annabi ya tashi. Da za a yi hijira, shi ya kwanta a shimfiɗar Annabi. Ya tsaya a Makka har ya mayar wa kowa ajiyarsa, sannan ya kama hanyar Madina a ƙasa. Ya isa ƙafafunsa sun kumbura, sun tsattsage. Aka ce da Annabi ya gan su sai da ya yi hawaye, ya shafa su da hannunsa, ya yi masa addu'a."

Ta tuna uban nata yana karanta wannan wuri, ta tuna ita ba ta taɓa jiƙa ko tsumma ta goge wa nata ɗan ƙafa ba tun yana tatata. Kunya ta taso, ta danne ta. Ta juya ta fuskanci zana.

"Alu."

Bawan Allah bai taɓa jin sunansa a muryar nan ba, ya zaci har yanzu tarihi ake.

"Alu, ba kai nake kira ba? Sai na taso?"

Ya shigo da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, ya rasa inda zai sa idonsa. Zai durƙusa a bakin ƙofa ta buga tabarmar da take kai. "Nan. Miƙo ƙafar."

Ramlatu ta riga ta ɗauko man kaɗanya a ɗaki, ta dangwarar, ta kora matan waje da ƙwaryoyinsu, ita ma tana share ido da bakin zane.

Saude ta ɗora ƙafar a cinyarta ta juya ta. Ƙafar manomi ce, faso ya yi mata rami-rami. Ta lakato man ta fara cusawa a hankali.

"Dubi kaushi, don Allah. Da wannan za ka shiga Makka, a ce ba ka da uwa?"

Alu ya buɗe baki zai yi dariya, kuka ya riga ta fitowa. Ƙaton mutum, kafaɗunsa na girgiza.

"Yi shiru, Aliyuna," in ji ta. "Ba ni ɗayar."