Fitilar Hagu a Tagar Bubayero

Zuliha ba ta gama rataye zanenta a tagar ba, sai ga hannu baƙi ƙirin da man inji ya zuro ta tsakanin ƙarafa ya janye shi gefe.

"Anti, minti biyu kawai," in ji Imrana daga waje. "Sukurun saitin ne ya cinye. Juyawa yake, ba ya kamawa."

Hasken fitilar bas ya sake faɗowa ɗakin, ya sauka daidai fuskar Baba Bubayero da ke kwance yana jan numfashi da ƙyar.

"Imrana, ka ji tsoron Allah! Mutumin nan tafiya yake."

"To ni na ce kada ya tafi?"

Shekara talatin Bubayero ya yi yana tuƙa tirelar shanu zuwa Onitsha, kafin ɓarin jikinsa ya shanye ya kwantar da shi a wannan ɗaki na bayan Kasuwar Relief a nan Onitsha. Garejin Imrana mai gyaran wutar mota yana kallon tagar, gadon tsohon kuma ya yi daidai da tsayin idon direban da ke tahowa a hanya. Tun da Imrana ya gano haka ya daina zana alli a bango don saita fitilun motoci. Da magariba ta yi sai ya haska tagar da fitilar motar da yake gyarawa ya tambaya, tsoho ya ce a ɗaga ko a sauke. Da farko har daɗi yake ji, ko ba komai an tuna da shi. Bayan idonsa ya fara tsiyaya sai Hajo matarsa ta yi magana, ta yi har ta gaji, Imrana ya yi kunnen uwar shegu da ita.

Yau Hajo ta ruga masallaci kiran liman, ta bar Zuliha maƙwabciyarta a bakin gado. Abu ɗaya ta roƙe ta: kada bawan Allahn nan ya cika ba kalmar shahada a bakinsa.

Zuliha ta tare hasken da bayanta, ta sunkuya kusa da kunnensa. "La ilaha illallah," ta ce a hankali, sau uku. Leɓensa ya motsa. Ya faɗa, a karkace dai, amma ya faɗa. Wani sanyi ya ratsa zuciyarta, ta yi shiru, don ta san ba a ƙara wa mai gargara magana bayan wannan.

"Anti, matsa mana, kin tare! Baba, ya ka gan ta?"

Ba ta matsa ba. Sai dai jikinta ba wani jiki ba ne, haske ya zagayo ta kafaɗarta. Tsoho ya runtse ido.

"Ta hagu," ya ce. "Tana kashe ido."

Zuliha ta ji kamar ta ɗora hannu a ka. Ta leƙa taga. Imrana ya yanko gutsuren tsohon silifa yana cusawa a bayan fitilar da sukundireba. Wilson mai bas ɗin yana tsaye yana duba agogo.

"Madam, no vex," in ji Wilson, yana ba ta haƙuri don fasinjoji na jiransa a tasha. "Passenger dey wait me for Upper Iweka."

"Kashe motar nan! Mutum ne ke mutuwa, ba akuya ba," in ji Zuliha.

"In na kashe, da me zan gwada?" in ji Imrana, ko ɗagowa bai yi ba. "Fasinja goma sha takwas zai ɗauka. In ya makantar da wani a hanya, ke za ki amsa?"

Ta koma ta durƙusa, ta kama hannunsa mai lafiya. Ya yi sanyi. Ta sake laƙƙana masa. Ya buɗe baki, ya tattaro ɗan numfashin da ya rage masa.

"La ila..."

"Baba! Yanzu fa?"

Sabo mugun abu ne. Idon tsohon ya bar fuskarta ya koma taga.

"Sauke ta... kaɗan."

"Baba, bar su! Ce la ilaha illallah. Baba, don Allah!"

Ƙirjinsa ya ɗaga, ya sauka, bai sake ɗagawa ba. Ta jira. Ta girgiza hannun, ta kira sunansa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da take gidan.

A waje Imrana ya ƙara tura robar, ya sake tambaya, ya kasa kunne.

"Ka ji ya yi shiru ko? Ta zauna ke nan," ya ce wa Wilson. Ya buga murfin mota ya rufe.

Bas ta ja da baya, hasken ya bi bango ya fice. A cikin duhu Zuliha ta lalubi fuskar tsohon ta rufe masa ido. Fatar idon a jiƙe take.

Hajo ta shigo tana haki, liman na biye da ita da tocila. Kallo ɗaya ta yi wa gadon ta zube ƙasa tana salati. Da ta ɗan sami kanta sai ta riƙo gefen rigar Zuliha.

"Ya samu kalmar? Ita ce ta ƙarshe a bakinsa?"

Zuliha ta miƙe ta je taga. Ta warware zanenta da ya maƙale a ƙarfe, ga shatin yatsu huɗu na baƙin mai a jikinsa. Ta ninke shi, shatin a ciki, ta sake ninkewa, Hajo tana nan a ƙasa tana kallon bayanta.