Layar da Baba Ɗan'azumi Ya Ɗinka

"Ɗinkina ne," in ji Baba Ɗan'azumi, tun kafin jami'in sojan ya gama juye ambulan a kan tabarma. Abu uku ne suka faɗo: kan bel mai tsatsa, rabin mataji, da wata laya da ƙasa ta cinye launinta. Tsohon ya shafa bakinta da babban yatsa. "Zare biyu, ƙulli a ciki. Duk unguwar Kilomita Biyar babu badukun da ke yin haka sai ni. Ɗana Abdurra'uf ne."

Ni na fassara wa jami'in da Faransanci, kasancewar ni ne mai digiri a layinmu, kuma na fassara daidai.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Ɗansa Abdurra'uf da yayana Shamsu rana ɗaya suka shiga soja, mota ɗaya ta tafi da su arewa, shekara shida ke nan babu wanda ya dawo. Yanzu an tono ƙasusuwan mutum guda a gefen wata hanya, ni kuwa na san abin da jami'in bai sani ba: layu biyu Baba ya ɗinka musu, daga fata ɗaya.

Da jami'in ya fita na ce, "Baba, malamin da ya rubuta ya sa sunan mai ita da na uwarsa a ciki. A farke ta mu gani."

"Ba a farke laya, Uwaisu."

"Ba a kuma karɓar gawar da ba a tabbatar ba."

Ya yi tari mai tsawo, sannan ya ce, "A jami'ar aka koya maka wannan? Ashe karatun bai tafi a banza ba."

Ranar Laraba aka kawo ɗan ƙaramin akwati, aka yi salla, aka binne. Kwana uku gidansu yana cike da masu gaisuwa daga unguwannin Yakité da Miskine, ana kiran matar Baba, Inna Rahamatu, uwar marigayi. Mahaifiyata Kubura ita ta ɗora musu tukunya, ita ta wanke kwanuka, babu wanda ya ce mata yaya haƙuri. Ban taɓa zaton zan yi hassadar kabari ba, amma duk "Allah ya jiƙansa" da ta tsallako katanga sai in ji kamar daga ƙofarmu aka ɗauke ta. Na daina gaishe da Baba.

Baba bai sake komawa rumfarsa a kasuwa ba, ciwon ƙirjinsa ya kwantar da shi. A rana ta goma, bayan la'asar, ya aika a kira ni. Layar tana tafin hannunsa.

"Har yanzu fushin kake yi?"

"Jira nake yi, Baba."

"Ni ma na yi jiran. Na so ne in tarar da ɗana a ƙasar da za a sa ni." Ya numfasa. "Ɗinki na gani, ban ga suna ba. Allah ya yafe mini gaggawa." Ya turo mini layar da askarsa ta yankan fata. "Ka kai wa iyayenka mata. Su biyun. Kada ka yi shi kai kaɗai."

Washegari da hantsi ya rasu. Kusa da wancan kabarin aka sa shi, kamar yadda ya roƙa.

Bayan sadakar bakwai na tarar da matan biyu a kan tabarma ɗaya. Na ajiye layar da askar a tsakaninsu. Inna Rahamatu ta kawar da kai. Mahaifiyata ta ɗauki layar, ta juya ta, ta kai ta hancinta.

"Inna, sunan yana ciki," na ce wa mahaifiyata.

"Na ji ka." Ta miƙo mini askar. "Mayar da wannan cikin kayan mutane." Sannan ta sa layar a hannun maƙwabciyarta. "Yaya, riƙe ta zuwa Juma'a, sai ki miƙo mini."

Ban mayar da askar ba. Tana aljihuna da safiyar Juma'a, ina zaune a bakin ɗakina, lokacin da hannun Inna Rahamatu ya ɓullo ta saman katanga. Mahaifiyata ta ajiye tsintsiya, ta goge tafukanta a jikin zane, ta karɓa da hannu biyu.