Kunamun da Takama Ya Aro

A Tajaye akwai wani gida da ba a kashe kunama a cikinsa. Ko cikin takalmi aka same ta, sai a ɗauke ta da hannu a kai bayan danga, kamar yadda ake mai da ɗan maƙwabci in ya yi rarrafe ya shigo. Su kuma mutanen gidan kunama ba ta harbinsu. Takama ne namijin da ya rage a gidan, sai yayarsa Delu da ta dawo bayan rasuwar mijinta.

In kunama ta harbi yaro, wurin Takama ake kawo shi. Yakan fita fako ya ɗaga dutse, ya ɗauko wata kunamar a tafin hannu, ya ce mata, "Aro ne." Sai ya ɗora ta inda dafin ya tsaya, ya yi ta shafa yana saukar da shi har ya fice ta yatsa. Sannan ya mai da ita ƙarƙashin dutsen da ya ɗauko ta, ba wani ba. Sharaɗin gadon ke nan tun kakanni: wadda aka aro a mai da ita ɗakinta. Ran da aka saɓa, amana ta ƙare, hannun ya zama kamar na kowa.

Shekara biyu bayan babbar yunwa, wani saurayi mai suna Sanusi ya zo daga Ƙonni bisa babur. Ma'aikaci ne a wani gidan bincike da baƙi suka kama haya a bayan kasuwa. Ya durƙusa ya gai da Takama, ya ce kunamu yake so masu rai, da yawa.

"Mi kaka yi da su, ɗana? Miya?" in ji Takama.

"Dafin muke so, Baba. A tatsa, a aika Yamai, a gwada ko za a samu allura. Yaron da aka harba a ƙauyen da babu irinka, wa ke gare shi?"

Wannan magana ta shiga Takama, don a damanar da ta wuce an kawo masa wata yarinya daga nesa bisa jaki, ta cika kafin a sauke ta.

Delu ta leƙo daga madafa. "Kai mai babur, in kun gama tatsar, nono za ku kai kasuwa? Ina za ku kai shanun?"

Sanusi ya yi dariya. "Inna, mu maido su. Ni da hannuna."

Delu ta dubi ƙanenta. "Auta, ka ji dai. Da hannunsa ya ce. Ni ban ga hannun da ya taɓa riƙe kunama ba a nan sai naka."

Takama ya yarda. Ya bi fakon Tajaye dutse dutse, kowace ya gaya mata aro ne, mai ɗan tsawo. Sanusi ya kawo kwalabe masu faɗin baki, kowace kunama da tata. Takama ba ya karatun boko, sai ya ɓalli ɗan tsinin dutsen kowace ya jefa a kwalbarta. Duwatsun nan ya san su kamar fuskokin dangi, in ya ga ɓallin ya san gidan.

Ranar kasuwar Ƙonni yakan hau mota ya je dubiya. Ba zai ce an wulaƙanta su ba. Kowace kwalba da yashi, da audugar da aka jiƙa, da gyare ko kyankyaso na abinci. Abin da mutanen Tajaye ba su samu ba a shekarar yunwa, ci ba nema, kunamu sun samu. Sanusi yakan rufe tagogi da rana tsaka ya kunna wata shuɗiyar fitila, sai kunamun su ɗau haske kore kamar ɗanyen ganyen wake. Takama ya yi shekara hamsin yana riƙe su bai san suna da wannan riga a ɓoye ba. Ya daɗe a tsaye baki buɗe.

Tatsar ce ba ya so. A kama wutsiya da awartaki, a taɓa ta da waya daga batir, kunama ta sanƙare, ɗigo ɗaya fari ya fito a bakin ƙari. In an mai da ita sai ta kwanta shame-shame, wutsiya a ƙasa.

"Tana jin zafi," ya ce.

"Patoro, shugaban aikinmu, ya ce ba a sani ba. Amma ina ba kowace hutu, Baba, sai ta yi ƙiba nake sake taɓa ta."

"Ba a sani ba? To ka sa wayar ga harshenka, a sani."

Wata ma ta haihu a kwalba, ƴaƴan farare a bayanta kamar tsabar shinkafa. Takama ya dawo gida yana ta tunanin ko su ƴan Tajaye ne ko ƴan Ƙonni, da kuma dutsen da za a ba su in sun girma. Delu ta ce ya ci tuwonsa ya bar rabon gado ga ƙwari.

Damana ta wuce, kaka ta wuce. Wata ranar kasuwa ya iske gidan a kulle, an cire allon ƙofa. Mai sayar da goro a gefen ya ce aikin ya tashi, babbar mota ta kwashe kaya ta yi Yamai. Takama ya zagaya garin har la'asar bai samu wanda ya san gidan su Sanusi ba.

Bayan ƴan kwanaki sai ga babur. Sanusi ya sauka da bokiti ɗaure a baya, an rufe bakinsa da buhu. Yara da mata suka taru, don kowa ya san zancen. Fuskarsa a sake take, irin ta wanda ya sauke kaya.

"Baba, ga amanarka. An ce in zuba su duka a alkol, ruwan da ke kashe su ya hana su ruɓa, a tafi da su. Na faki idon patoro na juye su nan. Da an gane, da takardar shaidar aikina ma ba a ba ni ba."

"Ina kwalaben?"

"Kayan poroje ne, na gidan binciken, an ƙirga an loda."

"Duwatsun ciki fa?"

"An zubar da yashin. Ni dai rai na ceto."

Takama ya kwance buhun. Wari ya taso. A gindin bokitin akwai yagaggun kwali da Sanusi ya sa don su ɓuya, da ƙafafu, da ɓawo, da wutsiyoyi babu jiki. Kunama in ta rasa wurin gudu da abin ci, ƴar'uwarta take ci. Waɗanda suka rage ba su cika tafin hannu biyu ba, sun kumbura, suna zagaya juna wutsiya a sama. Ƙananan babu ko ɗaya.

"Na san suna haka," in ji Sanusi, muryarsa ta yi ƙasa. "Ban samu man babur da wuri ba."

"Allurar fa?" Delu ta tambaya. "An samu?"

"Inna, dafin dai ya tafi. Ba a gaya mana ba."

Takama ya tsuguna ya dube su ɗaya ɗaya. Da can yana gane ta gindin ƙalgo da ta bakin kwazazzabo. Yanzu duk sun zama iri ɗaya, ƙiba ɗaya, launi ɗaya. Waɗanda aka cinye kuwa suna cikin cikin waɗannan, ba dutsen da zai karɓe su.

Mutane suna jira ya sa hannu kamar kullum. Ya naɗe hannun riga. Ya miƙa yatsu har bakin bokiti, babbar cikinsu ta juyo ta buɗe hannuwanta. Ya tsaya. Wata mata ta gyara goyonta don ta gani da kyau.

"Yaya," ya ce, bai ɗago kai ba, "ba ni ludayi."

Delu ba ta motsa ba. Shi ya tashi ya shiga madafa ya ɗauko. A gaban garin duka ya riƙa kwaso su da ludayin fura, yana nesa da jikinsa, yana zubawa a ƙwarya. Ba wanda ya yi dariya. Matan suka ja ƴaƴansu suka watse.

"Wannan ludayin kar ka maido mini shi," in ji Delu.

Ya kai su fako ya zube a gindin dutsen da ya fara tararwa. Ya juyo gida.

Da bazara kunama ta harbi ɗan maƙwabcinsa, danga ɗaya ce tsakaninsu. Takama yana zaune a zaure yana jin kukan yaron, yana jin ana ɗaura wa jaki amalanke za a kai shi likita a Illela.