Yatsan da Bai Motsa Ba

Shekara ashirin da biyu yana fitowa a fim, bai taɓa zama jarumi ba. Ya yi maigadi, ya yi direba, ya yi ɗan sanda mai tumbi, amma farar riga ce ta maƙale masa har aka manta sunansa na yanka. Likita ake ce masa. A kasuwa mata kan tare shi su nuna masa ƙurji.

Wasa gadon gidansu ne. Kakansa ya yi a dandamali, Yayarsa ce ke yi wa 'yan wasa kwalliya, mahaifinsu kuwa Sha-Mutuwa ake kiransa, don ba wanda ya kai shi iya cikawa a gaban kyamara. In ya ɗauke numfashi, ko ƙuda ya shiga hancinsa ba ya motsi.

Doka biyu gare su. Ba ka fita daga wasa sai darakta ya ce kat, wato a tsaya, ko rufi zai rufto. Sannan wanda ya kwanta a matsayin gawa, in ɗan gida ya kama hannunsa, sai ya sosa masa tafi da ƙaramin yatsa inda kyamara ba ta gani. Ma'ana, ina nan da raina. Kakan ne ya kafa wannan, tun ranar da ƙanensa ya faɗi a dandamali jama'a suka yi ta tafi, ashe tafiyar ke nan.

Ran nan da hantsi an mayar da wani falo ɗakin asibiti. An kashe fanka saboda ƙara, fitilu na gasa mutane. Sha-Mutuwa na kwance, Yaya na shafa masa hoda.

“Baba, ka sha maganin hawan jininka?” in ji Likita.

“Ji min likitan aro. Rigar ta hau maka kai ne?”

“Bai sha ba,” in ji Yaya. “Wai sai ya gama mutuwa.”

Aka yi dariya. Darakta ya daka tsawa, sau huɗu ana maimaita wannan fitowar, wanda ya sake ɓata masa ita ya kama gabansa.

“Akshin!”

Likita ya shigo da takunsa na ƙasaita, ya kama hannun daman tsohon, ya dubi agogo. Kalma biyu ce tasa: sai haƙuri. Ya jira susar.

Yatsa bai motsa ba.

Ya matsa hannun kaɗan. Nauyi kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ya lalubi bugun jini, sai ya tuna shekara ashirin da biyu yana kama hannuwan mutane, bai san inda ake taɓawa ba. Kyamara na matsowa. Darakta na juya yatsa a iska, wato yi maganarka.

Ko tsokana ce? Baba ya iya. Amma Likita yana ɗan shekara goma sha tara ya taɓa tsayar da wasa don kunama ta harbe shi, tsohon ya yi wata guda bai amsa gaisuwarsa ba. Gumi ya gangaro masa ta ƙeya. Ya saci kallon fuskar. Gefen baki ya zube, yawu na bin hodar yana sauka kan matashi. Sha-Mutuwa bai taɓa dalalar da yawu ba, ya ce aikin 'yan koyo ne.

“Baba,” ya ce.

“Wannan babu shi a takarda,” in ji Darakta. “Ci gaba!”

Likita ya juya wa kyamara baya. “Yaya, bai sosa ba.”

Gwangwanin hoda ya suɓuce mata ya tarwatse. Kafin Darakta ya gane, ta ture fitila ta iso gadon, tana jijjiga tsohon. Ido ɗaya ya buɗe. Harshe ya yi nauyi, da ƙyar maganar ta fito.

“Wa... ya ce... kat?”

“Ni na ce, Baba,” in ji Likita. “Ka yi fushin daga baya.”

Ya ciccibe shi. Darakta da kansa ya ja mota, yana hon kamar mahaukaci. Yaya na riƙe da kan mahaifinsu tana salati, Likita na riƙe da mataccen hannun yana ta murzawa, har suka isa.

A ƙofar asibiti wata nas ta taro su da gadon turawa, ta ga farar riga. “Likita, me ka ba shi?”

Ya fizge rigar ya yar a ƙasa. “Ban san komai ba, 'yar'uwa. Don Allah kira na gaske.”

Na gasken ya zo da sauri, ya ɗaga hannun dama ya saki, ya faɗi yaraf. Ya tambayi yaushe abin ya fara.

“Minti ashirin.”

“Kun yi sauri. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ku tsaya nan.”

Aka fara tura gadon. Likita ya bi da gudu, ya zagaya ɗaya gefen, ya cafki hannun hagu. Ƙofa na matsowa, tsohon ya rufe ido ruf kamar yadda ya saba.

Daf da za a raba su, ƙaramin yatsa ya sosa masa tafi, sau biyu.