Garwashi a Cikin Kwalekwale

Idan tsoro biyu suka tsare mutum a ƙofa ɗaya, wanne zai bi? Har yau masuntan da ke zaune a gidajen kan ruwa na tafkin Tonle Sap ba su daidaita a kan abin da Vuthy ya yi ba.

Matarsa Chantrea ta haihu da damina, lokacin da aka hana kamun kifi. Uwarta, tsohuwa Pheap, ta kwantar da ita a gadon gora, ta ajiye kaskon garwashi a ƙarƙashi, yadda ake yi wa kowace mai jego. Ba fita, ba shan iska. Vuthy bai ja ba. Yana yaro aka tsallaka tafkin nan da mahaifiyarsa da ɗanyen jego, ta dawo tana karkarwa, ba ta ƙara tashi ba.

Sai dai shinkafa ta kusa ƙarewa. Kunu da gishiri kaɗai Chantrea ke sha, nono ya ja baya. Kukan jaririyar, da a da yake tada maƙwabta, ya koma kamar na ɗan kyanwa.

Da hantsi sai ga Sophal, ma'aikaciyar asibitin da ke gaɓa, ta ɗaure kwalekwalenta.

"Kai Vuthy, gasa matar nan za ka yi ta yi har ta nuna? Gwamnati na ba masu ƙaramin ƙarfi tallafin haihuwa, kuma kuna ciki. Amma sai an kai uwa da ɗiya asibiti an duba su."

"To ni in je in karɓo."

"Kai ka haihu?"

"Ba inda za ta," in ji Pheap. "Ni da na haifi takwas a kan wuta, wace gwamnati ta duba ni?"

"Nawa suka rayu, Inna?" in ji Sophal.

Tsohuwa ta juya tana tona garwashi. Sophal ta ɗora yatsa a kan jaririyar, nan take wasa ya bar fuskarta.

"Maɗigarta ta faɗa. Vuthy, yanzu maganar ta wuce ta tallafi."

"Na ce ba za ta hau ruwa ba," in ji Pheap.

Da Sophal ta tafi, Vuthy ya zauna a bakin ƙofa yana kallon hadari na haɗuwa daga gabas. In ya fita da Chantrea iska ta kashe ta, kowa zai ce shi ne. In ya zauna yarinya ta mutu, cewa za a yi kwananta ne ya ƙare, har a zo masa gaisuwa. Ashe mutuwar da ba za a zarge shi a kanta ba yake zaɓa.

"Yaya," Chantrea ta kira shi a hankali. "Ta saki nonon. Ko kukan ma ta daina."

Ya miƙe. Ya jiƙa buhu ya shimfiɗa a cikin kwalekwale, ya jawo kaskon daga ƙarƙashin gado ya ɗora a kai.

"Ka haukace ne, ɗan nan?" Pheap ta riƙe ƙirji. "Wuta a jirgi?"

"Kin ce kada ta rabu da wuta, Inna. To ki shigo ki riƙe mata kaskon."

Ya naɗe matarsa da bargo har ka, ya sunkuce ta, jaririyar na ƙirjinta. Ya tsallaka da su cikin jirgin, ya kwance igiya.