Turken da Surukina Ya Sayo

Shekara talatin da shida na yi ina fere ƙarfe a masana'anta a nan Gabrovo, ban taɓa ganin mutum ya sa safar hannu ya tsaya gaban inji ba sai a kan surukina Lachezar. Safar hannu fa! Farare ma, irin na kantin maganinsa. Na ce ya cire su kafin injin ya cire masa har da yatsun. Ya cire, ya ninke su tsaf, ya sa a aljihu.

Injin nawa ne. Ƙarami ne, bai kai tsawon teburin cin abinci ba. Na ɗauko shi ranar da aka rufe ɗakin koyon sana'a na masana'antarmu, ana shirin kai shi wurin masu narka ƙarfe, na yi hunturu guda ina kankare hanyoyin da sassansa ke zamewa a kai da hannu har suka daidaita. Kamfanin da ya ƙera shi ya mutu tun kafin in haifi 'yata Bilyana, saboda haka duk abin da ya karye a jikinsa ya karye ke nan, babu kantin da zai sayar maka da wani. Da hannuna na dama ya fara rawa, Bilyana ta zauna ta yi ta lallashina. Wai likita ya ce mijinta ya nemi abin da zai ɗauke masa hankali bayan ciwon zuciyar da ya yi, wai yana so ya ƙera ɗan injin tururi na tagulla, irin wanda ake ajiyewa a kan kanta don baƙi su gani. Na ba shi. Ba don ya cancanta ba, sai don inji in ya zauna tsatsa yake yi, kuma garejinsu a bayan gidanmu yake, kullum zan iya leƙawa.

Aikin ba wani sihiri ba ne. Ƙarfe yana juyawa, wuƙa tana tsaye tana fere shi, kuma dole bakin wuƙar ya zo daidai da cibiyar ƙarfen, kada ya hau, kada ya sauka. A turke ake ɗaure wuƙa, turken kuma a kan kujera yake zaune, wato ɗan ƙarfen zubin nan mai zamewa gaba da baya. Turkena na da ne, mai fuska huɗu, in wuƙa ta yi ƙasa sai a sa mata ciko. Mu mutanen Gabrovo ba ma zubar da gwangwanin kifi. Wankewa muke yi, mu yayyanka shi siri-siri, shi ne cikon. Na ba Lachezar akwatina gaba ɗaya, wuƙa goma sha ɗaya, kowace da cikonta ɗaure da roba, wanda na auna da kaina.

Sati biyu kacal ya yi da su. Ran wata Lahadi muna gasa tattasai a bakin gareji, ni da Bilyana, hayaƙi ya cika mana ido, sai ga shi ya fito rungume da kwali yana washe baki.

"Mama, zo ki ga abin da ya iso!"

Sabon turke ne, irin wanda kowace wuƙa take da nata mariƙin. Ka zura mariƙi a jikin turke, ka ja hannu, ya kama gam, tsayin kuma da ɗan noti ake daidaitawa. Ba na ƙi ba, abu ne mai kyau, mun yi aiki da irinsa a shekarunmu na ƙarshe. Amma girma-girma ake yin sa, akwai na ƙananan injuna, akwai na manya. Shi wannan bawan Allah sai ya je ya kinkimo wanda ake ɗora wa injin da ya kai tsawon mota. Na ɗauki mariƙi ɗaya, na ɗora babban yatsana a gindinsa. Kaurin gindin milimita sha biyu, na wuƙa goma, ashirin da biyu ke nan. Daga kan kujerar injina zuwa cibiya kuwa sha takwas ne, na san wannan kamar yadda na san lambar takalmina. Ko ya saukar da notin har ƙasa, wuƙarsa za ta hau cibiya da milimita huɗu.

Na ce, "Me ya sa ka ɗauki wannan girman?"

"Mutumin da nake kallo a waya ya ce in turke ya yi nauyi ba ya girgiza. Sai na ce gara in ɗauki babba sau ɗaya in huta."

"Injin mutumin naka fa, wane iri ne?"

"A gaskiya ban lura ba."

"Ba ka lura ba. To madalla."

Maganar tana bakina: mayar musu, karɓo ƙaramin. Da ya yi shiru da na faɗa. Amma sai ya miƙo mini wata leda, na leƙa, ciko ne, nawa, an kwance robobin an cakuɗa su wuri ɗaya kamar shara.

"Kin ga yanzu an huta da gwangwanin kifi, Mama. Wannan zamanin ai ya wuce."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Mutumin da bai taɓa samun ƙaya ta ƙarfe a yatsa ba, shi ne zai gaya mini zamanin da ya wuce? Na karɓi ledata, na haɗiye maganata, na koma kan tattasai. Na ce a raina, bari wayar ta koya masa.

Washegari da yamma daga tagar kicin ɗina nake jin ihun injin. Wuƙar da ta hau cibiya ba ta yanka, goga kawai take yi da cikinta, tana kuka kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Na sha kofina ina saurare, har da ƙarin sukari. Da na sauka na tarar ya share fuskar wata tagulla, ya bar ɗan tsiro a tsakiya, ga jikin duk ya yi kaushi. Na ɗauke ta na kai garejin da ke fuskantar nasu, wurin Bai Trifon (Bai laƙabin dattawa ne a wurinmu), don a taya ni dariya. Trifon tare muka yi aiki, shi a ɓangaren gyara, mutumin da ya yi shekara talatin yana maganin kowace matsala da guduma. Da ya yi ritaya ya sayi tsohon injin share fuskar ƙarfe ya kafa a gareji, yana yi wa maƙwabta 'yan ayyuka. Ya juya tagullar a hannu, ya yi dariya har da tari, sauran mazan layin ma suka zo suka gani. Kafin dare kowa ya san mai kantin magani ya ƙera ƙarfe mai kurji.

Lahadi ta zagayo, muna cin miyar wake a gidansu. Lachezar ya yi ta juya cokali, can ya ɗago.

"Mama, me ya sa wuƙar take kuka, ba ta ci? Na saukar da notin har ƙarshe."

"Wataƙila ba ta da lafiya. Ba ka da magani a kanti? Ba ta ƙwaya biyu bayan abinci."

Bilyana ta ajiye burodi. "Haba Mama, don Allah."

"Me na yi? Mijinki ya ce zamanina ya wuce. Wa ke tambayar wanda zamaninsa ya wuce?"

Kunnuwansa suka yi ja, ya sunkuya ya ci gaba da shan miya. Ni kuwa na ƙara burodi, na ci da daɗi. Abin da nake jira bai da yawa. Ya hawo benena da kansa, ya tsaya a ƙofa, ya ce, Mama Donka, na yi kuskure, ki koya mini. Shi ke nan. Da ya faɗi haka da na sa takalmi na raka shi har gidan waya mun mayar da kwalin.

Ya hawo benen kuwa, ran Talata, amma da ma'auni a hannu da wata 'yar takarda. Abin mamaki, ya gano da kansa.

"Mama, na auna sau uku. Wuƙar ta hau da milimita huɗu. To ina tunani, in aka rage huɗun a..."

"Kai! Ashe ka iya awo? Bilyana ta sani? Tsaya in ɗauko kwalba a yi biki, mai kantin magani ya ƙirga har huɗu!"

Ya tsaya yana kallona, ya ninke takardarsa. Ya ce in gaida gida, alhali a gidan nake, ya juya ya sauka. Na rufe ƙofa ina dariya. Ko kusa ban tsaya na tambayi kaina a ina yake nufin a rage huɗun ba. Duk wanda ya san aiki ya san amsar: in dai an ƙi mayar da turke, gindin mariƙi ake ci da inji a rage kaurinsa, don mariƙi ko goma ka ɓata akwai wasu a kanti. Ban kawo a raina cewa akwai mai ƙwaƙwalwar da za ta tafi wani wuri ba.

Ran Asabar da hantsi na sauka da kwalba biyu ta tattasai zan ba Bilyana. Ƙofar garejin a buɗe, injin yana juyawa, kuma ba ya ihu. Sautinsa mai laushi ne, irin na wuƙar da ke cin ƙarfe daidai. Na yi mamaki, na shiga.

Kujerar na fara gani. Samanta yana ƙyalli fari fat, sabon yanka. A tsakiyar kujera akwai kwari mai leɓe biyu, a ƙarƙashin leɓunan ne kan ƙusar turke yake maƙalewa, su ne ke ɗaukar duk ƙarfin ɗauri. Kaurinsu milimita shida da rabi ne a da. Yanzu abin da ya rage bai fi kaurin biskit ba.

Lachezar ya juyo, fuskarsa kamar an ba yaro keke. "Mama, duba! Ta zo daidai cibiya!" Ya ɗaga wata tagulla, fuskarta sumul, babu tsiro ko ɗigo. "Bai Trifon ya ci mini huɗu a saman kujerar. Da kaina na yi lissafin. Sai dai turken yana ɗan juyawa in na matsa, bari in ƙara ɗaure shi."

Ya riga ya ɗora sifana a kan notin da ke ɗaure turken. Dogon sifana, wanda ya zo a kwali tare da turken.

"Lachezar, kada ka..."

Ƙarar ba ta da yawa. Ƙas, kamar an karya busasshen burodi. Turken ya karkata gefe, leɓen hagu ya ɓalle gida biyu, guda ya faɗa cikin ɓarɓashin tagulla, guda ya gangaro ƙasa. Tsagar ta bi kujerar har baya.

Ban san lokacin da na ajiye kwalaben ba. Na tsallaka layin, na sami Trifon yana goge hannu da tsumma.

"Kai, tsohon banza! Shekara talatin a masana'anta, a kawo maka kujerar zubi ka ci huɗu a kan leɓe? Ba ka da ido ne?"

Ko gezau bai yi ba. "Na tambaye shi, Donka ta sani? Ya ce, Bai Trifon, sau biyu na je wurinta, dariya take yi mini. To ni mutum ya kawo aiki ya ce ci huɗu, na ci huɗu."

"Da ka zo ka gaya mini!"

"In gaya miki me? Ido ina da shi, Donka. Ke ma kina da shi, kuma kin riga ni gani da sati biyu. Ni tagullarsa kika kawo mini mu yi dariya, ba kujera ba."

Na juya na bar shi da tsummansa.

Na koma garejin. Lachezar yana durƙushe, ya tsinto gutsuren biyu, yana haɗa su a tafin hannu ko za su zauna. Man inji ya ɓata masa yatsu har ƙarƙashin farce. Fuskarsa ta yi fari, har na tuna da zuciyar tasa na ji tsoro. Na shafa kujerar, na bi tsagar da farcena, na ji zurfinta. Na san injin nan ya gama aikinsa a duniya, kuma na san ba sifana kaɗai ya karya shi ba.

Bai ɗago ya kalle ni ba, ya ce a hankali, "Mama Donka, in an kai wa mai walda, za ta kamu?"

Na ce, "Ba za ta kamu ba. Zubi ne, kuma ya yi siriri. Zafi na taɓa shi zai ƙara tsagewa."

Wannan ce tambayar farko da na amsa masa kai tsaye tun ranar da na ba shi injin. Ya gyaɗa kai, ya miƙe, ya je bango ya kashe wutar.