Jirgin Ɗanmalam a Kan Taɓo

Babu wanda bai san hoton nan ba a Belbeji. Ɗanmalam ne tsaye a bakin ruwa cikin farar shadda, hannu ɗaya a ƙugu, bayansa wani ƙaton jirgin ruwa da ya fi ginin mairi, ofishin magajin gari, girma nesa ba kusa ba. Da hoton nan yake kwasar samarin gari duk bayan girbi, ya kai su wani birni can bakin teku, wai aiki a jirginsa. A ƙasar da ake yini a bakin rijiya kafin garke ɗaya ya ƙoshi, wanda ya ce yana da jirgi a kan ruwa ai ya gama magana.

Zakiyyu, ƙanen Safiyanu mai hoto, yana cikin waɗanda suka bi shi. Ya bar matarsa Ramla da goyo. Ba a daɗe ba wayarsa ta daina shiga. Da Ɗanmalam ya dawo sai ya zo har zauren gidansu, ya sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi, ya ce yaron ya fasa masa akwati ya gudu, ba a san inda ya nufa ba. "Ni dai na yafe, saboda zumunci," in ji shi. Aka yi ta sa masa albarka, ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Tun daga ranar Inna Rahamatu, uwarsu, ta daina zuwa biki da suna. Ramla ta zauna, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. Safiyanu kuwa ya san ƙanensa, mutumin da ko akuyar wani ta ɓata ta shigo gonarsu sai ya kora ta har ƙofar mai ita. Ya tsani Ɗanmalam, tsana irin wadda take hana mutum jin ɗanɗanon tuwo. Amma tsana ba shaida ba ce, kuma sunan ɓarawo ya riga ya manne wa gidansu. Da damina ta zo ƙarshe sai ya sayar da babur ɗinsa, ya rataya kyamara, ya shiga mota.

Da hantsi ya isa bakin tekun, ga jirgi nan zaune a kan ruwa, daidai yadda yake a hoto. Ashe mugun yana da gaskiya? Ya ja jiki ya zauna wajen wani mai tsire, Malam Garba, Bahaushe da ya tsufa a garin, wanda ya gaya masa Ɗanmalam ya riga ya tafi gida ɗibar sababbin yara. Suna cikin hira sai Safiyanu ya ga bakin ruwa yana nisa da su.

"Malam, ina ruwan nan za shi?"

Malam Garba ya yi dariya har da tari. "Za shi ya dawo. Kullum haka yake, ba ya fashi."

Safiyanu ya saki baki yana kallo. Teku guda ta nannaɗe kanta ta tafi, ta bar baƙin taɓo mai wari har iyakar ganin ido. Jirgin Ɗanmalam ya karkace ya kwanta a kan haƙarƙarinsa kamar mushen raƙumi, cikinsa a farke, tsatsa ta cinye shi. Sai ga mutane suna ratsa taɓon da zarto da guduma, wasunsu ƴaƴan Belbeji ne, waɗanda suke aiko wa iyayensu hoto da baƙin tabarau. Wa zai aiko wa uwarsa hotonsa cikin taɓo har gwiwa? Ɗanmalam bai mallaki ko ƙusa ɗaya a jirgin ba. Ɓaraguzan ƙarfen da yaran suka yanko yake karɓa ya kai wa masu awo.

Da Safiyanu ya ambaci sunan Zakiyyu, sai Malam Garba ya ajiye wuƙarsa.

"Kai ne yayansa? Allahu akbar. Sabon zuwa ne, ba wanda ya gaya masa halin ruwan nan. Ubangidansu ya tura shi can cikin jirgin, ya ce kar ya fito sai ya gama. Da ya leƙo, ruwa ya riga ya kewaye shi. Da ya hau sama ya zauna, da ya tsira, don ruwan zai sake tafiya. To wa ya gaya masa? Ya faɗa ciki yana neman tudu. Mu muka wanke shi, mu muka kai shi makwancinsa. Ɗanmalam ɗinku a sahun gaba ya tsaya, har da hawaye."

Ina ɗan ƙasarmu ta Damargu zai san wannan? A wajenmu in tafki ya janye, sai wata damina. In kuwa ya cika, to ya cika ke nan. Ɗanmalam ya sani, ya kuma san ranar da aka ji ruwa ya ci ɗan wani, babu uban da zai sake ba shi ɗa. Shi ya sa ya gwammace ya binne yaron can, ya binne sunansa a nan.

Safiyanu ya daɗe yana kallon wuƙar Malam Garba. Amma in ya soke Ɗanmalam, Zakiyyu yana nan ɓarawo, an ƙara da mai kisa a gidan. In kuma ya koma da baki kawai, ya ce ruwan da faɗinsa ya kai daga Belbeji zuwa Tarka yana tafiya da safe ya dawo da la'asar, sai a kai shi wajen masu ruƙiyya. Sai ya nemi wani dutse daidai inda Ɗanmalam ya tsaya a hotonsa, ya kafa ƙafa a kai. Ya yi kwanaki yana ɗaukar wuri ɗaya, ruwa yana cike, yana ja, ya ƙafe, yana dawowa a ɓoye ta bayan jirgin. Fuskokin yaran bai ɗauka ba, don ba da su yake yi ba.

A Damagaram ya tsaya wanke hotunan, manya-manya. Mai injin ya ga taɓon ya yi duhu, ya fara ƙara masa haske yana gyara launi, yadda ake yi wa amare.

"Bar shi," in ji Safiyanu. "Yadda na gan shi nake so a gan shi."

Akwai waɗanda suka fito da kyau, rana tana faɗuwa a kan ruwa, tsuntsaye suna shawagi. Duk ya ware su gefe. Ya zaɓi masu muni, ya yi ta jera su a ƙasa yana sake jeri, har labarin ya tafi da ƙafarsa ba sai an yi magana ba. Ya dawo gida bai ce wa kowa uffan ba, ko Inna. Yana tsoron hawayenta su fita waje su gargaɗi Ɗanmalam.

Ranar kasuwa Ɗanmalam yana zaune a rumfar bakin tasha, ana dafa masa shayi, iyaye suna kawo masa ƴaƴansu. Safiyanu ya ɗaura igiya daga wannan dirka zuwa waccan, daidai gabansa, ya fara maƙala hotuna. Na farko jirgi ne a kan ruwa. Ɗanmalam har ya yi murmushi, ya zaci talla ake masa. Mutane suka bi igiyar suna kallo, surutu yana raguwa. Wani tsohon makiyayi ya tsaya gaban hoton taɓon ya ce, "Su ma fari aka yi musu?"

"Yini ɗaya ne, Baba. Ci gaba, za ka ga ya dawo."

A ƙarshen igiyar akwai hoton wani kabari. Safiyanu ya tsaya kusa da shi ya ɗaga murya. "Ɗanmalam, zo ka gaya wa mutane wane ne a nan!"

"Haɗin na'ura ne," in ji Ɗanmalam, yana ajiye kofin shayin. "Hassada ce kawai."

Sai Malam Ibrahim mai awon hatsi, wanda ɗansa yake can, ya ciro waya ya kira shi, ya buɗe murya kowa yana ji. "Sani, na haɗa ka da Allah, ina Zakiyyu?" Daga can yaron ya fashe da kuka. Iyayen da ke rumfar suka kama hannun ƴaƴansu suka fice ɗaya bayan ɗaya. Safiyanu ya ji wani daɗi mai ɗaci ya cika masa ƙirji, bai kuma ji kunyar jinsa ba.

Labari ya riga shi isa gida. Yana cikin kallon Ɗanmalam yana neman takalminsa sai ya ga mutane suna darewa. Inna Rahamatu ce, wadda ta daɗe ba ta taka kasuwa ba. Ta bi igiyar tun daga farko a hankali, ta tsaya a gaban hoton kabarin.

"Da ina cewa ɓarawo ne amma yana numfashi," ta ce. "Kullum ina ajiye masa tuwo, Safiyanu."

Ya kasa haɗa ido da ita. Samari suka fara matsowa kusa da Ɗanmalam, wani ya ɗauki sanda, wani ya ce a kira jandarma. Inna ta ɗaga hannu.

"Kar wanda ya taɓa shi. Safiyanu, je ka shimfiɗa tabarmi, ka ce wa Ramla ta shiga takaba." Sannan ta juya ta dubi Ɗanmalam. "Kai kuma taso. A bakin zaurena za ka zauna har a tashi makoki. Duk wanda ya zo gaisuwa daga Tenhya zuwa Tanut, ya tambayi abin da ya kashe ɗana, kai za ka gaya masa. Da bakinka, ɗaya bayan ɗaya."